Balaraba da Shafin da Aka Ce Ba Mai Buɗewa

An yi wata baiwar Allah a wani gari, ana ce mata Balaraba. Tana aiki a wani gidan jarida mai wallafa labarai a intanet. Ba ta rubuta labari, ba a buga hotonta. Aikinta ɗaya ne: ta duba mutum nawa suka buɗe kowane shafi, duk Litinin ta kai wa shugaban gidan, Malam Tanimu. Da wannan ƙidaya yake yanke shawarar shafin da za a ci gaba da shi da wanda za a rufe.

Ku saurara, 'yan uwa. Wata rana sashen manhaja suka sabunta aikinsu. Sashen zane ma suka taɓa nasu. Babu wanda ya gaya wa wani, balle ita.

Da Litinin ta zo, masu buɗe shafin labaran 'yan fim sun ninka. Gida ya kaure da murna, aka aika sayo tsire da lemo. Shafin noma kuwa, wanda wani dattijo Baba Jatau yake rubutawa shekara bakwai, ya nuna sifili. Malam Tanimu ya ce ƙarshen wata za a rufe shi.

Balaraba ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙidayar nan ba daidai ba ce. Gwaggona tana da gonar albasa, kullum kafin ta karya sai na karanta mata shafin Baba a wayata. Ko duniya ta guje shi, ai da an ga mutum ɗaya."

Aka fashe da dariya. Gambo, shugaban sashen manhaja, ya ce, "Yanzu gwaggonki ta fi kwamfuta sani ke nan?"

Ta ce, "A kan wannan dai ta fi ta."

Daga ranar suka sa mata suna Hajiya Ban-Yarda-Ba. In ta je sashen manhaja, su ce laifin masu zane ne. In ta je wurin masu zane, su ce ta koma inda ta fito. Gambo ya ja ta gefe ya ce, "Ke ma fa ana yabon ki, an ce a hannunki gida ya bunƙasa. Ki yi shiru mana." Ta ce ba ta son yabon da za a tsige daga jikin wani. Sati uku tana zarya. Ba ta zagi kowa ba, ba ta yi kuka ba, kuma ba ta sa hannu a rahoton ƙidayar ba.

Ranar taron ƙarshen wata ta nemi minti biyar. Ta haska allon ƙidaya a bango, ta ce kowa ya fito da wayarsa. Su goma sha ɗaya ne. Ta ce su buɗe shafin 'yan fim. Allo ya nuna ashirin da biyu.

Baba Jatau ya waiga hagu da dama, ya ce, "To, sauran sha ɗayan aljanu ne?"

Ta ce su buɗe shafin noma. Allo ko motsi.

Gambo ya duba kwamfutarsa, ya dafe kai. Ashe sassan biyu kowa ya dasa abin ƙirgensa a shafin 'yan fim, na noma kuma kowa ya zaci ɗayan ne ya sa. Ya ce, "Yaya Balaraba, ki yafe mini." Da aka gyara, sai ga dubban mutane suna karanta Baba Jatau. Dattijo ya cire hula yana taka rawa, Malam Tanimu yana dariya har da hawaye. Nan take ya kafa doka: ba a shiga gidan mutane ba sallama, don haka duk sashen da zai taɓa manhaja sai ya fara yi wa Balaraba sallama, ta gwada, sannan a saki.

'Yan uwa, gaskiya ba ta da ƙarami. Wadda aka ba amanar lamba ta riƙe lamba, ko za a yi mata dariya sati uku. Kai kuma da kake sauya abu a wurin aikinka, ka tashi ka gaya wa wanda abin zai shafa. Akwai wanda shirunka zai iya raba shi da aikin shekara bakwai, kuma Allah zai tambaye ka.