Sunan Mahaifiyarta Ne Na Huɗu

Akwai wata 'yar sanda a ƙaramin garin Kinbarra da ke jihar Queensland, sunanta Tamsin. Saura wata biyu a ɗaura aurenta da Lachlan, ƙwararren da ake kira idan kisa ya gagari kowa. Aikinsa ya dubi yadda aka yi kisa, ya faɗi irin mutumin da ya aikata. Ya iya aiki, ban ƙi ba, amma girman kansa ya fi iyawar.

Cikin wata biyar aka shaƙe mata uku a gidajensu da rana tsaka, dukansu ba su daɗe da binne mazansu ba. Lachlan ya rubuta cewa mai kisan matashi ne mara aure, mara abokai, wanda ba ruwansa da coci. Daga nan ya toshe kunne. Ya sa aka kama Dale, wani makanike mai in'ina, don kawai ya yi kama da abin da ya rubuta.

Ran Lahadi bayan sujada, Tamsin ta tsaya gaban allon sanarwa na cocinsu. Al'adar cocin ce idan an yi rasuwa a rubuta sunan gidan, a riƙa kai abinci har sati shida. Sunayen matan uku suna nan. Na huɗu mahaifiyarta ce, Beryl, don babanta bai yi wata da rasuwa ba. Mai kai abincin Laraba kuwa, ranar makon da aka kashe kowace cikin ukun, dattijon coci ne, Warwick.

Nan take ta zargi Warwick. Ta ruga ta gaya wa Lachlan. Dariya ya yi!

"Warwick? Mai jikoki, mai waƙa a coci? Tamsin, rashin babanki ne ke damunki. Ki bar wa waɗanda suka karanta abin."

Ta roƙe shi ya sa ko mutum ɗaya gadi a ƙofar uwarta, ya ƙi. Abin takaici, sai ya je wa shugabansu da cewa hankalinta ba ya jikinta. Aka ba ta hutun dole, aka karɓe bindigarta.

Ita ma Beryl ta ƙi barin gidanta, wai Warwick na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar mijinta.

Ran Laraba Tamsin ta ɓuya a ɗakin wanki na gidan uwarta, tana addu'a. Warwick ya shigo da tasar nama da dankali. Ta ji yana yi wa uwarta addu'a cikin sanyin murya, ta ji "Amin", sai kuma ƙarar faɗuwar kujera. Ko da ta fito igiya na wuyan Beryl. Dutsen guga ta rarumo, ta maka masa a ƙeya.

Beryl ta rayu, amma likita ya ce da wuya muryarta ta dawo.

Lachlan ya zo asibiti da furanni. Kun san me ya fara faɗa? Wai irin hasashen da ya rubuta yakan yi daidai sau takwas cikin goma. Sai daga baya ya tuna da ban haƙuri.

Tamsin ta zare zoben baikonsu, ta danƙa masa.

"Na yafe maka, don Yesu ya ce in yafe. Amma da na bi maganarka, a bakin kabarin Mama za ka kawo min furannin nan. Je ka."

Ta koma ciki ta zauna kusa da uwarta. Beryl ta buɗe baki za ta kira sunanta, babu abin da ya fito.

Darasi: Komai zurfin karatunka, idan wanda ke kusa da kai ya ce ya ga haɗari, tashi ka duba kafin ka yi dariya. Girman kai naka ne, amma sau da yawa wani ne ke shan wahalarsa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda ba a gaya masa ya ji.