Wa Ke Gwada Na'urar Gwaji?

An yi wani sarki a Kwarin Marke, ƙasar noman rani, wanda ya sa aka rubuta manhajar kwamfuta mai raba ruwan madatsa tsakanin gonaki, don kada albasar mai ƙarfi ta ƙoshi, ta talaka ta bushe. Ba mutum ɗaya ke rubuta ta ba. Masana ne a garuruwa dabam-dabam, kowa ya hango aibi sai ya rubuta gyara ya aiko. Kafin a karɓa, wata na'ura ke gwada gyaran da kanta: in ta nuna kore a shigar da shi, in ta nuna ja a mayar wa mai shi. Kuma doka ce, wanda ja ya yi masa yawa a cire sunansa daga aikin.

Wannan doka ta hau kan wani matashi mai suna Sadisu, ya kai kuka fada. Matarsa Kubura, mace mai kunya da ba ta yi nisa a boko ba, ta bi shi ta raɓe a bayan zaure cikin mata. Ita dai abin da ta sani, tun da jan nan ya fara fitowa mijinta ba ya cinye tuwonsa.

Shugaban aikin, Malam Ukashatu, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce na'ura ba ta da ɗan'uwa, ba ta da maƙiyi, ba ta karɓar toshiya, saboda haka hukuncinta ba abin tuhuma ba ne. Daga inda take, Kubura ta ji sarki ya ce, "Waziri Ɗalha, ita tana gwada aikin mutane. To ita wa ke gwada ta?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ko a gaban alƙali sai an yi wa shaida tazkiyya, an tabbatar mai gaskiya ne, kafin a karɓi maganarsa." Ya nemi a ba na'urar manhajar yadda take, ba a canza ko harafi ba, a yi ta maimaitawa a gaban jama'a. Ta nuna kore. Aka sake, kore. Aka sake, sai ga ja.

Malam Ukashatu ya yi murmushin yaƙe, ya ce ai wannan sananne ne: gwajin yakan tambayi ma'aunin ruwa da ke bakin madatsa, in layin sadarwa ya yi nauyi amsa ta makara, sai na'ura ta ɗora laifin a kan gyaran. Waziri ya tambaye shi yadda suke yi in abin ya faɗa kan nasu. Ya ce maɓalli suke dannawa a sake gwaji har kore ya fito.

Waziri ya ce, "Sadisu fa?"

Malam ya sunkuyar da kai, ya ce maɓallin na manyan aikin ne kaɗai.

Waziri ya ce, "Ashe kai kana tambayar shaida har ya faɗi abin da kake so, shi kuwa abin da aka faɗa da farko shi ke hawa kansa. Kuma koren da aka samo da naci, Allah kaɗai ya san abin da ya shige a bayansa."

Sarki ya mayar da sunan Sadisu, ya yi umarni a gyara gwajin, kuma kada a ƙara hukunta kowa da shi sai ya tsaya a kan magana ɗaya. Ya yafa wa Waziri alkyabba, ya ce, "Adalci shi ne a auna babba da ƙarami da ma'auni guda, shi ma ma'aunin a riƙa auna shi."

Kashegari gyaran Sadisu ya sami kore. Kubura ta kai masa koko, ta tarar yana bin aikin layi-layi da yatsa. Can sai yatsan ya tsaya. A hankali ya ce, "Kubura, da wannan ya shiga, gonakin ƙarshen kwari ba za su ga ruwa ba. Kuma kore na'urar ta ba ni."

Ya janye gyaran, ya hau gyara shi. A tsakar gida kuwa surukar Kubura tana gaya wa maƙwabta cewa ɗanta tun yana yaro ba ya kuskure, sarki ma ya shaida. Ta juyo ta ce, "Ko ba haka ba, Kubura?"

Kubura ta yi murmushi, ta ɗauki tsintsiya. A ranta ta ƙudurta ba wanda zai ji zancen kuskuren nan daga bakinta.