Sallau Mai Baƙin Mai da Sabuwar Motar Alhaji

An yi wani bawan Allah a wani gari, ba sai na kama sunan garin ba, shekarun baya can. Sallau ake ce masa. Sana'arsa juyen baƙin mai, wato man da ake zuba wa injin mota. Rumfarsa na bakin tasha, gindin wata darbejiya: benci ɗaya, galan-galan a jere, sai ramin da yake shiga ya kwance notin ƙasan inji. Shekara ashirin da bakwai yana wannan aiki. Bai yi boko ba, bai tara abin duniya ba, amma duk direban garin ya san in Sallau ya yi maka juye, ka kama hanya hankalinka kwance.

Ku saurara da kyau, jama'a, don abin da zan ba ku labarinsa ƙarami ne a ido.

Motocin garin duk tsofaffi ne, 'yan Kwatano, waɗanda suka sha wuya a wata ƙasa kafin su iso. Ƙa'idar Sallau a kansu guda ce: mai kauri ake zubawa, in ya yi baƙi a juye. Haka ya koya wurin maigidansa, haka yake yi, ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Ran nan da hantsi sai ga Alhaji Maiwada, babban ɗan kasuwar hatsi, ya shigo tasha da mota sabuwa dal, ko ledar kujeru ba a cire ba. To, wannan Alhajin shi ke da bas huɗu na haya da Sallau ke yi wa juye. Rabin abincin gidan Sallau daga nan yake fitowa. Kafin ka ce kwabo mutane sun kewaye motar, wannan ya shafa, wancan ya leƙa.

Alhaji ya fito yana gyara babbar riga, ya ce, "Malam Sallau, ga amarya na kawo maka. Wata guda ke nan da sayenta. A juye mata mai, a zuba mai kaurin nan, mafi kyau da kake da shi."

Sallau ya ce, "Allah Ya sanya alheri, Alhaji, Ya tsare hanya." Ya goge hannu, ya ɗaga bonet.

Da ya zaro ƙarfen gwada mai, sai ya tsaya. Man fes, kamar zuma, ga shi tsinkakke kamar man gyaɗa. Ya murza a yatsa, ya shinshina, ya ɗaga wa rana. Bai taɓa ganin irinsa a inji ba. Ya dubi murfin wurin da ake zuba mai, ya ga wasu lambobi da ba su yi kama da na jikin galan ɗinsa ba. Mamaki ya kama shi. Ya ce a ransa, "Waɗanda suka ƙera wannan inji ba mahaukata ba ne. Me ya sa suka zuba mata mai kamar ruwa? Me suka sani da ban sani ba?"

Alhaji ya ce, "Yaya dai? Ina da sauri."

Nan ne wurin jarrabawar, jama'a. Mutum talatin na kallonsa. Galan na gefensa. In ya juye ya zuba, minti ashirin an gama, ba wanda zai ce uffan, motar kuma za ta tashi ta tafi lafiya lau a ranar. Sallau ya mai da ƙarfen, ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ban san man da ya dace da motar nan ba. Ban kuma sani ba ko lokacin juyenta ya yi."

Sai dariya ta ɓarke. Wani direba ya ce, "Shekara ashirin da bakwai a rami, yau mota ta kayar da Baba Sallau!" Alhaji ya ɓata rai, don ji ya yi kamar a gaban jama'a aka ƙi masa aiki.

Ya ce, "Mai dai mai ne, Malam Sallau. In tsufa ne ya zo, ka faɗa mini in nemi wani, har da bas ɗin gaba ɗaya."

Maganar ta soki Sallau har zuci, don ya san bakunan da yake ciyarwa a gida. Amma sai ya ce, "Alhaji, da aka ba ka motar, ba a haɗo maka da wani littafi ba?"

Aka buɗe aljihun gaban mota, sai ga littafi mai kauri a cikin leda, ba a taɓa buɗe shi ba. Shi kansa Alhaji bai san yana nan ba. Sallau ya roƙi a ba shi aronsa. Alhaji ya ce, "Zuwa jibi. In ba amsa, shi ke nan." Ya ja motarsa ya tafi.

Sallau fa ba ya karanta boko, balle Turanci. Da aka yi la'asar ya rufe rumfa, ya wanke hannu da sabulu har sau uku don kada ya ɓata takardun mutane, ya nufi gidan Malam Ilu, tsohon hedimasta da ya yi ritaya. Suka shimfiɗa tabarma a zaure. Malam Ilu ya san Turanci bai san inji ba, Sallau ya san inji bai san Turanci ba. Ɗaya na karantawa yana fassarawa, ɗaya na cewa, "Tsaya, Malam, maimaita nan."

Littafin ya ce injin wannan motar tsinkakken mai yake so, ya kuma faɗi lambarsa. Sai Sallau ya buga cinya. "Na gane! Sabon inji a matse yake, hanyoyin mai a cikinsa sirara ne. In na ɗura masa mai kauri, kafin ya kai ko'ina da safe ƙarfe ya ci ƙarfe."

Malam Ilu ya ci gaba. Ba launi ake dubawa ba, nisan tafiya ake dubawa, ko watanni, duk wanda ya riga cika. Kilomita dubu goma, in ji littafin, amma in ƙasar zafi ce, ko hanyar burji, ko yawan tsayuwa a cunkoso inji na aiki, to a rage zuwa rabi, a kuma canza filta, wato matatar mai, tare.

Sallau ya ce, "Wato mai yana iya yin baƙi bai mutu ba?"

"Haka na fahimta," in ji Malam Ilu.

"Yana kuma iya daɗewa a mota da ke ajiye ya lalace, ko ba ta je ko'ina ba?"

"Shi ya sa suka ce ko watanni."

Sallau ya riƙe baki. Dattijo da furfura, amma murna yake kamar an ba shi kyauta. Kwana biyu suna zama. Har galan-galan ɗinsa ya kwaso aka karanta masa abin da ke jikinsu, abin da ya yi shekara da shekaru yana ɗagawa bai san me suke cewa ba.

Ranar alkawari ya sami Alhaji a kasuwar hatsi, ya miƙa littafin da hannu biyu. Ya ce, "Alhaji, motarka ko kilomita dubu biyu ba ta yi ba, lokacinta da saura. Irin hanyoyinmu, in ta kai dubu biyar ko wata shida a yi mata. Man da take sha kuwa ba ni da shi, garin nan ma babu. Ga lambarsa Malam Ilu ya rubuta maka. In ka shiga birni ka sayo a wurin da ka amince, ka duba hatimin galan ɗin."

Alhaji ya dube shi ya daɗe. Ya ce, "Da ka zuba mini naka ran nan, da na sani?"

"Da ba ka sani ba, Alhaji. Ko injin ya fara ciwo bayan shekaru, ba za ka tuna da ni ba. Amma ni na sani, Allah kuma Ya sani."

Alhaji bai ba da haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Cewa kawai ya yi, "In lokacin ya yi zan sayo, kai za ka zuba." Bas ɗin ma bai kai su wurin wani ba.

Sallau bai tsaya nan ba. Ya koma tasha ya tara direbobin da suka yi masa dariya, ya ce musu, "Na daɗe ina ce muku da mai ya yi baƙi a juye. Ashe wani lokacin gaggawa na sa ku, wani lokacin jinkiri. Ku yafe mini. Daga yau mu riƙa duba kilomita." Wasu suka ji, wasu suka ce tsohon ya rikice. A haka ya ci gaba da sana'arsa har ƙarfinsa ya ƙare.

To, jama'a, ina ruwanmu da baƙin mai a wannan majalisi? Ruwanmu shi ne amana. Abin da aka damƙa maka, mai shi ba ya ganin cikinsa, kai kaɗai ke gani. Kuma faɗin "ban sani ba" ba faɗuwa ba ce, matuƙar za ka tashi ka nemo sanin. Kai mai kemis, da ake kawo maka ciwon da ba ka gane ba ka ƙirga ƙwayoyi ka miƙa, ka ji? Kai birkila, kai tela, kai da ake tambaya hukuncin addini a bakin masallaci ka amsa don kada a ce ba ka da karatu, kun ji? Har da ni da ke zaune a gabanku. Kunyar minti ɗaya muke gudu, mu jefa bayin Allah cikin asarar shekaru.

Kafin makon nan ya fita, wani zai tambaye ka abin da ba ka sani ba. Ka gwada faɗa masa gaskiya, sa'an nan ka je ka tambayo. Allah Ya ba mu ikon riƙon amanar da ba mai gani sai Shi.