Maganar da Inna ta yi ta maimaitawa

Jama'a, akwai wani mai kantin taya da ake wa laƙabi da Ɗan Gari, don kullum sai ya ce kakanninsa ne suka kafa unguwar. Ƙarya ce tsagwaronta. A goye uwarsa ta shigo da shi daga wata ƙasa, ta yi wankau ta raine shi.

Da ya yi arziki sai asalinsa ya zame masa abin kunya. Ya daina gaida danginsu, ya hana tsohuwa yin yarensu a gidansa. Shi kuwa tuni yaren ya zube masa.

Burinta ɗaya ne a duniya, ta ga Ɗakin Allah da idonta. Ya biya musu kujera, amma a filin jirgi ya ja mata kunne.

"Inna, da manyan mutane za mu tafi. Don Allah kada ki tona min asiri."

"To, ɗan nan," ta ce.

Da suka isa, a masauki ta jiyo alhazan ƙasarsu ta asali suna hira a hawa na ƙasa. Ta miƙe za ta je gaishe su. Ya harare ta, ta koma ta zauna.

Kafin a kai su masallaci zazzaɓi ya kwantar da ita. Da jiki ya tsananta, Hausa ta gudu daga bakinta, sai yarensu. Ta riƙe hannunsa tana maimaita magana ɗaya.

Wata hajiya da suke ɗaki ɗaya ta ce, "Alhaji, kamar yaren mutanen nan na hawa na ƙasa take yi. A kira ɗaya mana."

"Wane yare? Sambatun zazzaɓi ne kawai."

Kun ji fa. Uwarsa na kan gargara, shi yana tsaron suna. Kafin la'asar tsohuwa ta cika.

Ya dawo gida da maganar tana masa amo a kunne, ya kasa ci, ya kasa zaman kanti. Ƙarshe ya sa ƙafa zuwa gidan gwaggonsa, wadda ya daɗe yana wucewa kamar bai san ta ba. Ya maimaita mata kalmomin da karyayyen harshe, ya ce ta faɗa masa wasiyyar.

Gwaggo ta tambaye shi:

"Akwai taga a ɗakin?"

"Akwai, a bayan gadonta. Har masallacin ana hangowa."

"Ba wasiyya ba ce. Cewa take, ɗana, juya ni in gani."

Wallahi ni ban ji tausayinsa ba, ita nake ji wa.

Darasi: Wanda ya ji kunyar asalinsa, iyayensa ne ke fara biyan farashin. Baƙunta ba aibi ba ce, kuma a gaban Allah babu ɗan gari babu baƙo. Ku tura wa duk wanda ke hana tsohuwarsa yin yarenta a gaban mutane.