Bushiya da Lambatun Unguwa

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan unguwa.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Gidan Bushiya ne a ƙarshen layi. Lambatu ya toshe da leda, ga damina ta ƙarato, kuma duk ambaliya ɗakin 'ya'yanta take fara ci. Ta kai kuka wurin Zakara mai unguwa. Ya hau katanga ya yi shela: "Jama'a, gobe akwai gayya!"

Gari ya waye, Bushiya kaɗai ta fito.

Ta je gidan Kunkuru ta yi sallama, suka gaisa.

"Baba, ba ka ji shela ba?"

"Na ji. Amma shekara arba'in ina unguwar nan, ba wanda ya taɓa tako ƙofata."

"To, ga ni na tako. Ka taimake ni."

Kunkuru ya ce, "Miƙo min shebur."

Haka ta bi gida-gida tana gaida kowa da sunansa, aka fito aka yashe lambatu. Zakara ya ce, "Ai shelata ce."

Kunkuru ya ce, "Ranka ya daɗe, zumunci a ƙafa yake."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ruwa ya bi hanyarsa.