Nomau da Tukunyar da Aka Kashe wa Wuta

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Nomau ake ce masa. Ku matso, na baya ku daina hira, ku saurara.

A zamanin nan garin yana da injin matsar man gyaɗa. Kai, jama'a, wanda bai ga lokacin ba bai ga gari ba! Tun daga bakin kasuwa ƙanshin gyaɗa ke tarbar mutum. Da rana ta take, jiniyar injin za ta yi kuka, mata su zuba tuwo a kwano su aika wa mazajensu. Har yau in na tuna sai ƙwalla ta zo mini.

To, duk injin nan da tururi yake tafiya, tururin kuwa daga wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe yake fitowa. Ruwan garin na zartsi ne. Kun san yadda yake yi wa butar shayi farin ƙanzo a ciki? Haka yake yi wa tukunyar, ga tsatsa kuma tana cin ƙarfen ta ciki har ya huje. Aikin Nomau shi ne ya jiƙa soda da sauran magani ya zuba a ruwan don hana ƙanzo da tsatsa, ya ɗibo kaɗan ya murza a yatsa ya ji santsinsa. Aikin ke nan. Ba mai gani, ba mai cewa sannu.

Sai gyaɗa ta yi ƙaranci, injin ya tsaya. Ranar da aka kashe wuta, mai injin, Alhaji Barmo, ya kira shi ya ce, "Nomau, ga mabuɗi, ga buhunan soda a sito. Ka bar ta cike da ruwan magani har baki, kada iska ta shiga. Ka riƙe mini ita har Allah ya kawo sauƙi."

Nomau ya ce, "Na karɓa, Alhaji."

Ba a daɗe ba Alhaji Barmo ya rasu, aka tafi da 'ya'yansa ƙanana wani gari. Albashi ya yanke. Ma'aikata suka watse. Amma duk ranar kasuwa sai ka ga Nomau da bokiti ya nufi kangon injin. Ya cika ruwa, ya zuba magani, ya murza a yatsa. Masu shayi suna yi masa tsiya: "Nomau, yau ma za a yi wa gawar wanka ne?" Sai ya yi murmushi ya wuce.

Ku saurara, ga inda jarrabawar take. Ba daga waje ta zo ba, daga cikin ɗakinsa ta fito. Matarsa Tasalla mai yin sabulu ce, sodar nan kuwa ita ce jarin mai sabulu. Wata shekara damina ta yi gardama, rumbu ya ƙare, ta same shi a zaure.

Ta ce, "Malam, yau kwana nawa ba mu ɗora tukunya ba, kai kana can kana ciyar da tukunyar ƙarfe? Ka ɗebo mini ko rabin buhu, in yi sabulu mu ci abinci. Wa zai sani?"

Ya ce, "Ba wanda zai sani, Tasalla."

"To, mai amanar ma ai ya mutu!"

Ya ce, "Ya mutu, amma ya bar marayu. Jiya kayan Alhaji ne, yau kayan marayu ne. Kin ga ya ƙara nauyi."

Ta yi kuka, ta yi fushi. Kada ku zarge ta, yunwa ba wasa ba ce. Shi ma kada ku ɗauka bai ji ciwo ba, ya ji har cikin ransa. Amma bai tsaya a "a'a" kawai ba. Washegari ya shiga gonakin mutane yana roƙon karan dawa, ya ƙona, ya tace tokar, ya kawo mata ta yi sabulun gargajiya. Hannunsa duk ya tsattsage. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma sun sha kunu.

Haka aka yi ta tafiya, shekara na bin shekara, har ƙafa ta gaza. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya miƙa wa Tasalla mabuɗin ya ce, "Ki ba 'ya'yan Alhaji. Ki ce musu na cika ta kafin in kwanta."

Bayan rasuwarsa babban ɗan Alhaji Barmo ya dawo, ya zama mutum, yana son ya tayar da injin ubansa. Tasalla ta miƙa masa mabuɗin. Rufi ya zube, ƙofofi gara ta cinye. Kowa ya ce tukunyar ma sai dai a sayar wa 'yan gwangwan, in kuwa ta lalace ba shi da halin sayen wata. Aka zubar da ruwan, aka buɗe, aka haska ciki. Jama'a, ba ƙanzo, ba tsatsa! Yaron nan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Aka yi gyara, aka hura wuta. Ranar nan da rana ta take, jiniya ta yi kuka. Tasalla, tsohuwa tukuf, tana tsakar gida. Ba ta san lokacin da ta miƙe ta ɗauko kwanon Nomau ta fara zuba tuwo ba. Sai da ta ɗauki murfi za ta rufe ta tuna babu wanda za a kai wa. Ta zauna da kwanon a cinya tana cewa, "Malam, ka yafe mini. Ga tukunyarka ta tashi."

To, 'yan'uwa, abin da nake so ku tafi da shi gida ke nan: amana ba ta mutuwa don mai ita ya mutu, kuma aikin da ba mai gani shi ne ma'aunin mutum. Kai da aka bar wa shago, ke da aka bar wa ɗan maƙwabciya, kai da gonar marayu ke hannunka, ba wanda yake leƙa cikin tukunyarku yau. Amma akwai ranar da za a zubar da ruwan, a buɗe, a haska ciki. Allah ya sa a same mu kamar yadda aka sami ta Nomau. Ku ce amin.