Dattijon da Ya Sa Hannu a Farar Takarda

An yi wani mutum, ya 'yan'uwa, dattijo a ikilisiya, kafinta ne. Kowa Baba Kafinta yake ce masa, har matarsa. Ba ya sha, ba ya rantsuwa, ba ya cin kuɗin aiki ya ɓace. In ka ba shi katako goma, ya yi maka aiki da tara, sai ya aiko maka da ragowar ɗayan har gida.

Ikilisiyar ƙarama ce, a ginin haya take sujada. Mai ginin ya yarda zai sayar musu in sun tara kuɗi. Saboda haka ban da baiko da zakka, suka buɗe asusu na musamman don sayen wurin. Kuma suna da ƙa'ida mai kyau. Mutum biyu ke ƙirga baiko bayan sujada. Washegari a kai banki. Kuɗi ba ya fita sai da cek mai sa hannun mutum biyu, kuma duk abin da aka saya a kawo rasit. Hannu na farko na ma'aji ne. Na biyu suka ba Baba Kafinta, suka ce ai wanda ba ya cin katako ba zai ci kuɗin Allah ba.

To, ma'ajin nan surukinsa ne, mijin 'yar autarsa. Saurayi mai fara'a, yana aiki a wani kantin kayan gini, ya iya lissafi, ya iya baki. Jama'a suka ce abu ya yi daidai, uba da ɗa. Ba wanda ya tsaya ya yi tunani cewa mutum yana iya titsiye baƙo da tambaya, amma ya kasa haɗa ido da mijin 'yarsa.

Wata rana da hantsi Baba yana shago yana goge ƙofa, garin katako har cikin girarsa, sai ga Ma'aji. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Ya ciro littafin cek.

Ya ce, “Baba, kullum ina katse maka aiki a kan kuɗin wuta da na ruwa. Ka sa mini hannu a kan 'yan kaɗan, in buƙata ta taso sai in cike. Kada in riƙa wahalar da kai.”

Baba ya dubi takardun. Fari fat, ba suna, ba adadi. Zuciyarsa ta ce masa kada ka yi. Amma yaron yana durƙushe, yana ce masa Baba. In ya ƙi, me ya faɗa ke nan? Ya ce wa mijin 'yarsa ɓarawo? Sai ya goge hannunsa a riga, ya karɓi biro, ya sa hannu.

Abin da ya yi ke nan. Bai ɗauki ko sisi ba. Amma ikilisiya ta sa makulli biyu a ƙofa, shi kuwa ya ciro nasa ya miƙa wa mai ɗayan.

Abin da aka yi sau ɗaya, na biyu ba ya wuya. Littafi ya ƙare, aka kawo wani. Rasit kuma sai a ce yana gida, gobe za a kawo. Ran Lahadi in an tashi, Ma'aji sai ya ce wa abokin ƙirgarsa, “Je ka, iyali suna jiranka a rana, ni na ƙarasa.” Baba yana zaune a ofishin majami'a yana gani. Yana ganin jakar baiko tana tafiya gida a ƙarƙashin hammata. Ya ce a ransa yaro ne mai himma.

Wata rana ya je gidan Auta ganin jika, ya tarar da sababbin kujeru, irin waɗanda in ka zauna sai an ba ka hannu ka tashi. Kafinta ne, ya san kuɗin kujera ko daga bakin ƙofa. Ya san albashin mai tsaron kanti kuma. Ya yi wasa da jikarsa, ya ce mata amarya ta yi ƙiba ta fi ƙarfin tsohon miji, aka yi dariya, ya sha ruwa, ya tafi. Bai tambaya ba.

Sai ciwo ya kama matarsa. Likita ya ce sai an yi mata aiki, kuma ba a jira. Kuɗin da aka faɗa, ko Baba ya sayar da duk kayan aikinsa ba zai kai ba. Yana zaune a kan bencin asibiti, kai a sunkuye, sai Ma'aji ya zo ya dafa gwiwarsa, ya ce, “Baba, an biya. Su shiga da Mama.”

Ya 'yan'uwa, wa zai tambayi asalin ruwa alhali gidansa na cin wuta? Aka yi aiki, Mama ta tashi. Ran godiya a majami'a ta yi rawa, ta nuna surukinta da hannu ta ce Allah ya ba ta ɗa. Jama'a suka tafa. Baba ya tafa tare da su, bakinsa kuwa ɗaci kamar ya tauna maɗaci.

Daga nan barci ya ƙaurace masa. A shago sai ya auna katako, ya yanka, ya ga ya gajarta. Rannan dai ya yi ta maza. Ya aika Ma'aji ya zo, ya shigar da shi ciki inda ake jingine katako, ya rufe ƙofa. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce, “Ɗana, ina so in ga takardar banki. Ta asusun gini.”

Ma'aji bai ɗaga murya ba. Bai ma tashi daga durƙuson gaisuwa ba. Ya ce, “Baba, akwai ɗan giɓi. Na sa kuɗin a wata harka, za su dawo da riba kafin lokaci. In ka tayar da maganar yanzu, ni za a ɗaure, Auta da yara su zauna a titi. Kuma duk cek ɗin da ya fita, hannunka yana kai. Aikin Mama ma, ka san ba da ruwa aka biya ba.”

Ya tashi, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce a gaida Mama.

Baba ya zauna a kan katako. Gaba kura, baya siyaki. In ya je wurin Fasto, ya rushe gidan 'yarsa da hannunsa, kuma ya gaya wa matarsa cewa da kuɗin gwauraye da marayu aka ɗinke cikinta. In ya yi shiru, ramin yana ƙara zurfi. Sau da yawa yakan kama hanyar gidan Fasto, ya kai har ƙofa, ya ji muryar yara a ciki, sai ya ce gaisuwa ce ta kawo shi. In Fasto ya ce, “Baba, ka rame,” sai ya ce ƙurar katako ce.

Har a lokacin akwai ƙofa a buɗe, ya 'yan'uwa. Rabin kuɗin yana nan. Da ya yi magana, da an ji zafi, amma da an tsira da wani abu. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Amma ya zaɓi ya jira riba. Kuma da Ma'aji ya sake kawo littafi, ya ce sai an ƙara kaɗan kafin na farko su fito, Baba ya sake sa hannu. Wannan karon ido biyu.

Ƙarshen shekara ya zo, aka kira taron ikilisiya. Ma'aji ya tashi ya karanta rahoto, lambobi suna zuba daga bakinsa kamar waƙa. Ya ce kuɗin gini sun cika har da ɗoriya. Mata suka yi guɗa. Akwai tsofaffin da suka riƙa hana kansu abincin rana don wannan asusu, suna share hawaye da bakin mayafi.

Fasto ya ce, “Ni ban iya lissafi ba. Amma muna da ido a wurin. Baba Kafinta, kai ne hannu na biyu. Kuɗin nan suna nan?”

Baba ya miƙe. Ya hango Auta a cikin mawaƙa da goyo a baya, ya hango Mama tana yi masa murmushi.

Ya ce, “Suna nan.”

Ba wanda ya nemi ganin takardar banki. Don me? Baba ya faɗa. A ranar aka ci jibin Ubangiji, kuma shi ne ya zaga da ƙoƙo.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar biya ta zo, dattawa suka kai wa mai gini cek. Banki ya dawo da shi. Aka kira wayar Ma'aji, a kashe. Aka je kanti, suka ce ai ya daɗe da barin aiki. Aka je gida, aka tarar da Auta zaune a tsakar ɗaki, ta ce mijin ya gaya mata tafiyar kwana biyu zai yi. Har yau ba a sake ganinsa ba.

Dattawa suka je banki, aka baje musu takardun a kan tebur. Ɗaya bayan ɗaya, kowane da hannun Baba Kafinta a ƙasa, tsaf, ba karkata. A ofishin 'yan sanda ya ce bai ci ko sisi ba. Ɗan sandan ya ce, “Tsoho, mai riƙe tsani da mai haurawa, duk tafiyarsu ɗaya.”

Mai gini ya gaji da jira, ya sayar wa wani ɗan kasuwa, aka mai da wurin ɗakin ajiyar siminti. Ranar da aka fitar da bencinan majami'a aka jibge a bakin titi, Baba yana tsaye daga nesa a bayan wata mota, bai iya matsowa ya kama musu ba. Ikilisiya ta watse. Waɗansu suka koma wasu wurare. Waɗansu kuwa suka daina zuwa ko'ina, suka ce in Baba Kafinta zai yi ƙarya a gaban bagade, to wa ya rage? Wannan asarar ta fi ta kuɗi.

Baba ya sayar da shago, ya sayar da gida, don kada a ɗaure shi. Bai biya ko rabi ba. Aka sauke shi daga matsayin dattijo, aka sa shi ƙarƙashin horo. Suka koma ɗaki biyu na haya, shi da Mama da Auta da yaranta. Auta ba ta zage shi ba. Cewa ta yi, “Baba, ai kai kaɗai yake jin tsoronka. Da ka tsawata masa tun farko, da yau ina da miji.”

Mama kuwa, wata rana tana shafa tabon cikinta ta ce, “Baba Kafinta, da ka tambaye ni. Da na zaɓa da kaina.” Baba yana nan da rai, yana yi wa wani goge katako a biya shi da yamma, kuma in ya hango ɗan tsohuwar ikilisiyarsu sai ya sauya hanya.

Ya 'yan'uwa, mene ne zunubin mutumin nan? Ya ji kunyar mutum fiye da tsoron Allah. An ba shi gadi, ya rufe ido don kada ɓarawo ya ji ba daɗi. Kunyar marar kunya asara ce.

Ku ji ni da kyau. Ƙa'idar kuɗi a gidan Allah ba rashin yarda ba ce, kariya ce ga mai riƙon kuɗin kansa. Da yaron nan ya san za a duba, wataƙila da bai fara ba. In an ce mutum biyu su ƙirga baiko, to biyu ɗin, ko da rana ta take. Kuɗin Allah ba ya kwana a gidan kowa. Kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba, ko da uwarka ce ta miƙo maka biro. Kada ku haɗa 'yan gida ɗaya a kan asusu ɗaya, kuna ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu. Kai kuma Fasto, “ban iya lissafi ba” ba tawali'u ba ne. Zauna a koya maka. Ku jama'a, in an karanta rahoto, kafin guɗa ku ce a nuna takardar banki. Ma'aji mai gaskiya ba ya fushi da rasit, murna yake yi.

In kuwa akwai wani a cikinmu yau da ya san wani giɓi yana ɓoyewa, ɗan'uwana, yau ta fi gobe sauƙi. Kada ka tsaya a bakin ƙofa ka ce gaisuwa ce ta kawo ka. Shiga ka faɗa.

Ubangiji ya ba mu tsoronsa fiye da kunyar mutane. Ya ba masu riƙon amanar gidansa ido buɗe da bakin faɗin gaskiya. Ya ji ƙan tsohon nan, ya tattaro tumakin da suka watse. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye hannuwanmu. Amin.